Daga Gonar Malisa Zuwa Tukunyar Mabukata: Ina Kuɗin Gwamnati Ke Kwana?

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara

 



Da farko muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ɗora mana nauyin yin magana a wannan zama, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi mu sanin gona, akwai kuma waɗanda suka fi mu sanin ofis. Mun karɓa ne don bin umurni, kuma muna roƙon a yi mana uzuri a duk inda muka yi tuntuɓe.

Duk wanda ke zuwa gida a kai a kai, ko daga Sakkwato yake, ko Kaduna, ko Abuja, ko Legas, ya san motoci iri biyu da ke bin hanyarmu. Ta farko ita ce motar kaka. Tana shigowa wayam, ta fita shaƙe da gero da dawa da wake, in kuma lokacin albasa ne ta fita da albasa, ta nufi Jega ko Aliero, daga can kuma sai Kudu. Ta biyu ita ce motar tallafi. Ita takan zo ne da azumi, ko bayan ambaliya, ko idan tsadar rayuwa ta kai wa jama'a iya wuya, ɗauke da buhunan da gwamnati ta saya da kuɗin jama'a don a raba wa mabukata. Mun daɗe muna kallon waɗannan motoci biyu, muna yi wa ta farko fatan sauka lafiya, muna yi wa ta biyu tafi, ba tare da mun tsaya mun tambayi kanmu ba: shin me ya hana kuɗin da aka sayi kayan mota ta biyu da shi ya faɗa hannun manomin da ya cika mota ta farko? Wannan tambaya ita ce gaba ɗayan jawabinmu na yau.

Bari mu fara da shekarar manomi, ko da yake ba wanda bai san ta ba a nan, sai dai zaman birni yana sa mantuwa. Manomin Malisa, ko na Dalijan, ko na Kambaza, ko na ƙauyukan Kalgo, yana shiga kaka ne da bashi a wuyansa: na taki, na ƙwadago, na hatsin da ya ranta ya ci da damina. Ga hidimar aure da aka ɗage sai kaka, ga kuɗin makaranta, ga magani. Don haka ba shi da ikon jira. Yana fitar da amfaninsa kasuwa a daidai lokacin da kowa ya fitar da nasa, wato lokacin da farashi ya fi kowane lokaci faɗuwa. Mai jari ya saya ya kulle a sito. Bayan wata bakwai ko takwas, idan ruwa ya sauka, rumbu ya yi ƙasa, sai ga manomin nan a gaban mai awo yana sayen hatsin da watakila daga gonarsa ya fito, da tsadar da ba a ba shi ba. Na mai albasa ya fi muni, domin hatsi yana jira, albasa kuwa ko an yi mata rudu mai kyau, wata za ta ruɓe, wata ta tsiro, wata ta tsotse, kuma dillali ya san da haka tun kafin ya buɗe baki ya taya.

Abin da wannan manomi ya rasa shi ne mai saye guda ɗaya tabbatacce, wanda ya san da zuwansa tun kafin shuka, wanda zai auna da gaskiya ya kuma biya a kan lokaci. A ƙasar nan kuwa gwamnati babbar mai sayen abinci ce.

Mu duba mu gani. Gwamnati tana ciyar da ɗaliban makarantun kwana. Tana sayen abinci don gidajen gyaran hali da sansanonin waɗanda rikici ko ambaliya ta raba da gidajensu. Jihohinmu na Arewa da dama suna ware kuɗi kowace shekara don ciyarwa ko rabon hatsi da azumi. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwa a watan Agusta na wannan shekara cewa an amince da naira biliyan 5 ga kowace jiha don sayen kayan abinci da rage raɗaɗi. A farkon 2024 kuma aka ba da umurnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan ajiya na ƙasa. Waɗannan ba ƙananan kuɗi ba ne. Galibi dai hanyarsu guda ce: a ba ɗan kwangila, shi kuma ya nufi babbar kasuwar hatsi inda zai iya cika tirela goma a wuni ɗaya. Ba mu ganin laifinsa, domin ba wanda ya ce masa ya yi wani abu daban, kuma ko da ya so ya sayi na Malisa, wa zai samu? Manomi ɗari kowa da buhunsa biyu, kowa da irin nasa mudu.

Shirin da ya fi kusa da abin da muke magana a kai shi ne na ciyar da 'yan makarantar firamare da abincin da aka noma a gida. An fara gwada shi a 2005 a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo a wasu jihohi ƙalilan, amma bai yi nisa ba ya mutu a kusan dukkansu, in ban da Jihar Osun da ta riƙe nata, har ta sake masa fasali a 2012. A 2016 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta dawo da shi a matsayin shiri na ƙasa baki ɗaya, a kan naira 70 ga kowane yaro a kowace ranar makaranta, daga aji ɗaya zuwa aji uku na makarantun gwamnati. Daga baya aka ɗaga kuɗin zuwa naira 100. An ɗauki mata masu girki daga cikin garuruwan da makarantun suke, ana biyan su ta asusun banki. A bisa takarda, manufar shirin ta yi kyau ƙwarai: yaro ya ƙoshi ya zauna a aji, mai girki ta samu sana'a, manomin garin ya samu kasuwa.

Biyu na farko sun samu daidai gwargwado, kuma ba za mu yi butulci mu ce ba a ga amfani ba; malaman firamare da ke cikinmu shaida ne cewa ranar da tukunya ta hau, aji yakan cika. Amma na uku, wato manomi, shi aka bari a baya. Dalili kuwa shi ne ba a ɗaure kowa da wata ƙa'ida ta cewa lalle kaso kaza na kuɗin sai an saye shi daga hannun manoman yankin ba. Mai girki tana samun kuɗin 'yan kwanaki ne, wani lokaci a makare, don haka ba ta iya sayen buhu da kaka ta ajiye. Sai dai ta je wurin mai awo ta sayi kwano-kwano a farashin ranar, wani lokaci ma bashi. Da tsadar kaya ta taso, sai ƙwai guda ya nemi cinye naira ɗarin gaba ɗaya. A watan Janairun 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen hukumar da ke kula da shirin, saboda binciken yadda ake sarrafa kuɗinta, ciyarwar ta tsaya tare da su. Daga baya an yi ta maganar farfaɗo da shi. Idan za a farfaɗo, to ya kamata a ji muryarmu tun ana shata ƙa'ida, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma waɗanda shirin bai taɓa kaiwa gare su ba tun asali, kuma su ne suka fi kowa bukata: almajiran tsangayu, da yaran da ba su shiga kowace makaranta ba, da marayu da zawarawa da tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi cirani suka daɗe ba aike. A 2023 an kafa hukumar tarayya ta kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk ranar da aka ce za a ciyar da waɗannan yara da kuɗin gwamnati, tambayarmu ta ɗazu tana nan: daga rumbun wa?

Don kada a ce muna magana a iska, bari mu yi ɗan lissafi na misali, wanda kowa zai iya gwadawa da alƙaluman makarantar unguwarsu. A ce makaranta tana da yara 300 da ake ciyarwa, a kan naira 100. Naira 30,000 ke nan a rana, 150,000 a mako. In aka yi mako 36 ana karatu a shekara, an tashi da naira miliyan 5 da dubu 400, a makaranta guda, a kan farashin da kowa ya yarda ya yi kaɗan. Ta fuskar hatsi kuma, in kowane yaro zai ci giram 100 a rana, kilo 30 ke nan kullum, kilo 5,400 a shekara, wato buhu 54 mai cin kilo 100. Jama'a, buhu 54 ya gagari manoman Malisa? Ba ma sai an haɗa da maƙwabta ba. A ƙara da wake da man gyaɗa da albasa da tattasai da daddawa da kuka, waɗanda kusan duk a hannun iyayenmu mata suke. A ninka wannan da yawan makarantun ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, a haɗa da na kwana, sai a ga irin kasuwar da ke wucewa ta ƙofar gidanmu muna ɗaga mata hannu.

Mu mutanen Jihar Kebbi ba baƙi ba ne ga shigar kuɗin gwamnati cikin noma. A Birnin Kebbi ne Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen noma na Babban Bankin Nijeriya da ake kira Anchor Borrowers, a watan Nuwamban 2015, zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu. Noman shinkafa na rani ya bunƙasa, sunan jiharmu ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a Argungu a 2017, ban da ta Labana da ke Birnin Kebbi. Amma rance rance ne. An samu matsalar biya a faɗin ƙasa, wasu don ambaliya irin ta 2020 ta share musu gonaki, wasu kuwa, mu faɗi gaskiya, don sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa. Daga ƙarshen 2023 Babban Bankin ya janye hannunsa daga irin wannan ba da rance. Manomin gero da dawa na tudu, irin akasarin mutanenmu, dama can bai ga wani abin kirki a ciki ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu a wancan zamani shi ne shinkafar LAKE Rice. A 2016 Jihar Legas a ƙarƙashin Gwamna Akinwunmi Ambode ta ƙulla yarjejeniya da Jihar Kebbi, aka noma aka kuma cashe shinkafa a nan, aka kai Legas, a watan Disamba na wannan shekara aka sayar wa jama'a buhu mai kilo 50 a kan naira 12,000, ƙasa da farashin kasuwa sosai. 'Yan'uwanmu mazauna Legas sun ga layin da aka yi. To, ga gwamnati ta sa kuɗinta ta sayi amfanin gonar Kebbi don sauƙaƙa wa talakawanta, kuma abin ya yiwu, ko da yake bai ɗore ba. Idan shinkafarmu za ta iya yin tafiyar kwana da wuni ta ciyar da mutumin Agege, da wane dalili za a ce geronmu ba zai iya tsallaka titi ya shiga tukunyar makarantar garinmu ba?

Wani abin da ya ƙara wa wannan magana nauyi shi ne abin da ya biyo bayan shekarar 2024. A watan Yulin wannan shekara Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, irin su masara da shinkafa da alkama da wake, na tsawon kwana 150, don karya tsada. A 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai. Mu na birni muka yi hamdala, kuma muna da gaskiyarmu. Amma ƙanenmu da ke gida, wanda ya sayi taki da man ban ruwa da tsada, shi ya kwana da asarar. Inda akwai mai saye na hukuma da ya yi masa alkawarin farashi tun kafin shuka, ko da na kashi ɗaya cikin uku na amfaninsa ne, da faɗuwar ba ta kai shi ƙasa ba.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. A ƙasar Burazil, gwamnatin Shugaba Lula ta kafa wani shiri a 2003 na sayen abinci kai tsaye daga ƙananan manoma don raba wa mabukata. Sa'an nan a 2009 suka yi doka wadda ta ce aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don ciyar da 'yan makaranta, dole a kashe shi wajen saye daga manoman da ke noma da iyalansu. Hikimar da ke ciki ba a kason kaɗai take ba. Sun sauƙaƙa wa ƙaramin manomi hanyar shiga ba tare da doguwar gasar neman kwangila ba, muddin farashinsa bai wuce na kasuwar yankin ba. Sun sa iyaka ga abin da gida ɗaya zai iya sayarwa a shekara, don kada babban ɗan kasuwa ya sa rigar manomi ya kwashe duka. Sun kuma kafa majalisar sa ido a kowace ƙaramar hukuma, da iyaye da malamai a ciki. A nan Nijeriya muna da umurnin shugaban ƙasa na 2017 da ya ce hukumomin tarayya su fifita kayan gida wajen saye, har da abinci, amma "kayan Nijeriya" daban, "kayan manomin yankin" daban. Buhun da ya fito daga kowace babbar masana'anta ya cika sharaɗin farko.

In an ce Burazil ta yi nisa, to ga Maraɗi. Daga 2012 an gwada irin wannan tsari a ƙasashen Afirka biyar da taimakon Burazil da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a Nijar Jihar Maraɗi aka zaɓa, inda aka riƙa sayen gero da wake daga ƙungiyoyin manoma ana girka wa 'yan makaranta. Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ma ta fi tamu ƙarancin ruwa. A Yamai kuma aka fara bikin ranar ciyar da 'yan makaranta ta Afirka, ranar 1 ga Maris 2016. Amurka ma, duk da arzikinta, ta fito da shiri a 2021 na bai wa jihohi kuɗi su sayi amfanin gonar ƙananan manoman yankinsu don mabukata, sai dai da gwamnati ta sauya an soke ci gabansa a 2025, manoman da suka shuka da sa rai suka shiga neman mafita. Darasin da ke nan shi ne, shirin da ya dogara ga ra'ayin mai mulki yakan tafi tare da shi. Wanda aka sa a doka ya fi wuyar tumɓukewa.

Kafin wani ya ce mun ɗauko baƙon abu, muna tunatar da kanmu, tare da neman afuwar malamanmu da suka fi mu sani, cewa a ƙasar Gwandu muke, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Tun muna yara muke ganin ana fitar da dami ɗaya cikin goma na zakkar hatsi tun a gona, kuma an karantar da mu cewa asali a raba ta ga mabukatan wurin da aka noma ta, sai in akwai waɗanda suka fi su bukata a wani wuri. Ma'anar cewa amfanin ƙasa ya fara ƙosar da mayunwacin da ke kanta ba daga waje ta zo mana ba. Abin da muke nema kawai shi ne kuɗin hukuma ya bi hanyar da zakka ta riga ta share.

Yanzu kuma mu juyo kan namu laifin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan gobe gwamnati ta ce ta amince, a kawo hatsi, shin mun shirya? Ba mu shirya ba. Hukuma ba ta sayen kaya daga mutum ɗai-ɗai. Tana bukatar ƙungiyar gama kai mai rajista, mai asusun banki, mai littafin shiga da fita. Tana saye da sikeli, mu kuwa har yanzu mudu muke yi, mudun ma na wannan kasuwa ya saɓa wa na waccan. Akwai masu zuba tsakuwa da ƙaiƙayi a gindin buhu su rufe da mai kyau a sama. Akwai masu ɗura hatsi bai gama bushewa ba, ya yi funfuna, alhali funfunar gyaɗa da masara guba ce mai lahani ga hanta. Akwai masu barbaɗa wa wake maganin ƙwari ba bisa ƙa'ida ba, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Abincin da Bature ya ƙi, ba za mu ɗura wa ɗan shekara bakwai na gidanmu ba, musamman da yake akwai buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba. Akwai kuma halin nan na saɓa alkawari: a yi yarjejeniya da manomi a kan farashi, da kasuwa ta ɗaga da naira ɗari biyar sai ya zame ya sayar a gefe.

Ita ma hukuma tana da nata, kuma babba shi ne jinkirin biya. Ɗan kwangila mai jari zai iya jiran wata shida. Manomin da ya kawo buhu uku ba zai iya jiran mako biyu ba, kuma in aka yi masa haka sau ɗaya, ba zai sake dawowa ba, zai ma hana maƙwabcinsa. Ga kuma siyasa, wadda in ta shiga jerin sunayen masu sayarwa, sai ka tarar da "manomin" da bai san inda ƙotar fartanya take ba. A ganinmu, a daidai wannan gaɓa, tsakanin manomin da ba ya iya jira da hukumar da ba ta iya sauri, a nan ne aikinmu yake, mu da Allah Ya kai birni.

Ga abin da muke ba da shawara. A cikinmu akwai akantoci da lauyoyi da malaman gona da ma'aikatan banki. Yi wa ƙungiyar manoma rajista da buɗe mata asusu da koya wa sakatarenta riƙon littafi ba zai ci wa ɗayansu hutun mako guda ba. A yi ta maza, a yi ta mata masu turara shinkafa da masu matsar man gyaɗa da masu daddawa, kuma ta matan ta riƙe asusunta da kanta. Sa'an nan a nemi ɗaki guda mai kyau, mai siminti da rufin da ba ya yoyo, da katakon ɗora buhu da sikeli mai gaskiya. Wasunmu sun gina gidaje a gari waɗanda ba a buɗe su sai da Salla, ko aron ɗaki ɗaya ya isa a fara.

Sai kuma asusun jari mai juyawa, wanda shi ne ƙashin bayan abin. Maƙwabtanmu na Nijar suna da wata dabara da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaɗa a can tun ƙarshen shekarun 1990: manoma su tara hatsinsu a sito da kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun mai ba da rance, a ba kowa wani kaso na darajar kayansa ya biya bukatarsa, idan farashi ya tashi a buɗe a sayar, a cire abin da aka ba shi, ya karɓi ragowar. Muna iya yin irin wannan da kuɗin ƙungiya, a kan tsarin da malamanmu za su duba su tabbatar babu riba a ciki. Da wannan asusu za a biya manomi nan take ranar da ya kawo kaya, ƙungiya kuma ta ɗauki nauyin jiran hukuma.

Ta ɓangaren gwamnati, ƙofa mafi kusa ita ce ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa, amma hukuncin ya ba mu hujjar zama da shugabannin ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo mu roƙe su cewa duk hatsin da za su saya don rabo, a sayi wani kaso daga ƙungiyoyin manoman yankin, kuma a saye shi da kaka a ajiye, maimakon a jira sai an ga watan azumi. Wannan ko ita hukumar ya fi mata araha. Haka nan mu kai wa wakilanmu na Majalisar Dokokin Jiha rubutaccen ƙudiri, ba roƙon baki a wurin ɗaurin aure ba, na a sa kaso tabbatacce a doka ga abincin makarantun kwana da na tallafi, tare da wa'adin biya da bai wuce kwana 30 ba, da kuma liƙa sunayen waɗanda aka saya daga gare su da adadin buhu da farashi a ƙofar sakatariya, inda kowa zai karanta. Kalgo kuma tana da babban asibiti, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a gefenta. Dubban bakuna ne ke cin abinci a wuraren nan kullum, kuma masu dafa musu za su saurari duk wanda ya zo da kaya mai tsabta da farashi tsayayye.

Amma ba za mu je gaban hukuma da wannan bukata hannu rabbana ba. Kowace shekara da yawa daga cikinmu muna aiko da abincin azumi da na sadaka gida. Daga ina muke sayo shi? Daga kantunan Abuja da Kaduna da Legas, mu biya kuɗin mota, a kawo shinkafa garin da jiharsa ke ciyar da wasu da shinkafa. Muna roƙon taro ya amince cewa daga bana, duk reshen da zai yi rabo da sunan ƙungiya, ya aiko da kuɗinsa tun kafin kaka, a saya a hannun manomanmu a kan farashin da ya ɗara na kasuwar ranar da ɗan abin da zai faranta musu rai, a auna da sikeli, a rubuta, a ajiye. Idan muka yi haka shekara guda, muna da littafin da za mu ajiye a gaban shugaban ƙaramar hukuma mu ce masa: ga buhun da aka saya, ga waɗanda aka biya, ga gidajen da suka ci, ga abin da ya lalace a ajiya.

Shugaba, muna neman alfarmar kafin a tashi daga wannan zama a naɗa kwamiti na mutum bakwai, da manoma biyu mazauna gida da mata biyu a ciki, a ba su wata uku su kawo rahoto a kan ɗakin ajiya da rajista da abin da kowane reshe zai iya zubawa a asusun. Lokacin da za a fara yankan gero bai da nisa, kuma dillalai ba za su jira mu ba.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.